Indararon Kai

Kwana goma sha ɗaya ruwa na zuba a Valdivia.
Kogin Calle-Calle ya cika har yana lasar matakala,
ni kuwa ina hawa na biyu, ƙarfe uku na dare,
da safar hannu, da fitila, da ɓera mai lamba arba'in da bakwai.

Shekaranjiya yana lilo a ƙarfen keji.
Jiya ya soma jan ƙafar baya.
Yau kansa ya karkace hagu, yana zagaye, yana zagaye,
kamar mai laluben ƙofar da aka toshe da bulo.
Ni na sa masa ƙwayar cutar, da hannun nan nawa,
ɗigo ɗaya a hanci, na duba agogo, na rubuta.
Ba zan ce ban sani ba.

Farfesa Huenchullán takan ƙwanƙwasa goshinta da biro:
"Ximena, da can an ɗauka gidan nan ba shi da kwata.
Ashe tana nan, maƙale a tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa,
ta fi gashi siranta,
tana kwashe dauɗa, tana gangarawa da ita wuya,
inda kaluluwa ke zaune kamar mai gadin ƙofa
tana shinshina abin da ya sauko."

Ban gaya mata na riga ta jin karatun ba.
Ubana Baldomero gyaran rufin kwano ya yi har ƙarfinsa ya ƙare.
Yakan sauko daga tsani, ganye ruɓaɓɓe cike da hannu, ya ce:
"Ruwa bai taɓa cin gida ba, 'yar nan.
Rashin mafita ke cin gida."

Keji goma a dama, hanyarsu a buɗe.
Keji goma a hagu, mun toshe musu ita da gangan.
Tambayar ƙarama ce, ta cinye mana shekara uku:
in ɓarawo ya shiga ɗaki,
ta wannan lungu ihu ke fita neman agaji,
ko shi ɓarawon ne ke fara rushe lungun?

Da asuba na yi abin da takarda ta ce a yi.
Barci tukuna. Kullum barci tukuna.
Jikinsa bai kai nauyin makullin ɗakina ba.

Na shimfiɗa tantanin a gilashi, na kashe fitila.
Ƙarƙashin madubi, koren rini ya kama,
sai ga ta:
zare, kore shar, yana bin gefen babbar jijiya,
ya yi tafiya, ya yi tafiya,
ya tsinke.
Gaba kaɗan ya sake ɓullowa a ɗige-ɗige,
kamar sawun wanda ya ji ciwo amma bai tsaya ba.

Ƙanwata Ayelén tana shekara tara zazzaɓi ya hau mata kai.
Ta tashi bayan mako biyar, ta bar rabin kalmominta a can.
Har yau cokali takan kira shi "abin nan",
ni kuma takan kira ni da sunan mahaifiyarmu.
Ɓera ba mutum ba ne, na sani,
Farfesa ta ja layi biyu a ƙarƙashin wannan.
Amma na daɗe a kan madubin fiye da yadda aiki ya nema.

Na auna tsayin zaren, na cika gurbi a jadawali.
Babu gurbin na gode.
Na faɗa a hankali, injin iska ya haɗiye.

Ƙarfe takwas na isa gida, ruwa bai ɗauke ba.
Indararonmu ya cushe, bango ya jiƙe har taga.
Na jingina tsohon tsanin Baba, na soma hawa.
Ayelén ta fito ba takalmi, ta riƙe min ƙafarsa da hannu biyu,
ta ɗaga kai, ruwa na dukan fuskarta,
ta ce, "Buɗe masa."